Tagogin Dakota da Babban Yatsana

Duk ɓarnar da mai haɗa ƙaramin jirgin roba zai tafka, fenti na rufa masa asiri. In tsaga ta fito a gindin fiffike, a cike a goge. In gam ya zubo, a kankare a shafe. Taga ce kaɗai ba ta san rufin asiri ba. Abin da ka yi mata shi za ta riƙa nuna wa baƙi har ranar da yara za su taka jirgin.

Ƙanina ne ya jawo mini. Ya dawo daga Ingila da tsarabar kwalin Airfix, jirgin C-47 da Ingilawa ke kira Dakota, wato DC-3 ɗin nan da ya fara tashi a 1935 amma cikin kakin soja. Ma'auninsa 1/72 ne, fiffiken da ya kai mita 29 ya dawo santimita 40 a kan teburina. To, kasa tsawon taga kashi 72 ka ga abin da zai saura: ƙwayar wake ta fi ta auki. Ni kuwa da na yi tashe a unguwarmu wajen ƙera jirgin kara ina yaro, sai na ce wannan ai wasa ne.

Ana manna tagogin ne ta ciki, kafin a haɗa ɓari biyu na gangar jirgin. Da na zo kan gilashin gaban direba, na ga me zai sa in tsaya jiran gam mai nawa alhali ga sufa gulu a aljihun tebur. Ashe tururinsa bin maiƙon hannu yake yi ya daskare fari fat a kansa. Da wannan dabarar ma 'yan sanda masu bincike ke fito da zanen yatsun ɓarayi. Gari na wayewa na tarar da babban yatsana kwance a gilashin, layi-layi. Ko ranar rajistar katin zaɓe ba a ɗauke shi da kyau haka ba.

Na ce ba komai, direba ya leƙa ta gefe.

Sai rufe tagogi kafin fesa fenti. Kamfanin Eduard na ƙasar Cek yana sayar da 'yan faci yankakku daidai kowace taga, ɓarewa kawai za ka yi ka liƙa. Na lissafa kuɗin aike, na ce Allah ya sawwaƙe, ina da hannu. Na ɗauko tef ɗin Tamiya mai ruwan ɗorawa da sabuwar reza, na duƙa ina yanka abin da in na yi atishawa sai dai a neme shi a tsakar gida. Ƙa'idar ita ce a bi gefen tef da tsinken sakace a danne, don kada fenti ya kurɗa ta ƙarƙashi. A danne a hankali. Ni kuwa na danna irin ta mai ƙarfin hali, sai na ji ƙwas! Taga ta faɗa cikin jirgi, jirgin da na riga na liƙe har da ƙofar kaya.

Na kife shi, na girgiza, na zura hantsaki, na haska da fitilar waya. Ina cikin haka yatsana ya tura ta kusa da ita, ita ma ta bi 'yar'uwarta.

A nan na koyi yin taga daga babu. Akwai wani farin gam, Micro Kristal Klear, kuma farin gam na kafintoci ma yana yi in ramin ƙarami ne. Bayan fenti ya bushe, sai ka tsoma tsinke, ka zagaye bakin ramin, ka ja a hankali har gam ya shimfiɗu ya rufe shi. Da farko fari ne sol, bayan 'yan sa'o'i ya washe garau. Gaskiya abin na da ban sha'awa, na zauna ina kallon sa yana washewa har shayina ya huce. Don ya yi saurin bushewa na ajiye jirgin a bakin tagar ɗakina, a tsakiyar hunturu. Buji ya yi aikinsa, tagogina suka fito ruwan ƙasa, ɗaya har da ɗan ƙwaro a manne, ƙafafu a baje. Sa'ar da na yi, wannan gam ana ɓare shi da tsinke. Na sake sabo, na kife jirgin da babbar robar wanke-wanke, uwargida na ta cigiyar ta ina yi kamar ban ji ba.

Da ta gano, ta ɗaga jirgin, ta ji ƙaras-ƙaras a ciki.

"Malam, mene ne ke kuka a cikinsa?"

"Kayan fasinjoji ne."

"Wannan zanen yatsan fa?"

"Na injiniya ne. Sai ya sa hannu jirgi ke tashi."

Ta miƙo mini shi, ta ɗauki robarta. "To ka gaya wa injiniya gidan sauron ɗakin yara ya yage tun bara, tunda ga shi ya ƙware a taga."