Jinsunan Masu Fatsa a Ƙasar Dutse

Idan damina ta tattara kayanta, aka yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai, iskar hunturu kuma ta fara leƙowa da asuba a watan Nuwamba, sai ruwan da ya malale fadamu ya soma janyewa, kifin da ya yi watanni yana kiwo a cikin ciyawa ya taru a gurbi kaɗan, ga ƙiba ga yunwa. A wannan lokaci ne mutanen Dutse, waɗanda Allah ya hore wa duwatsu da dabino amma bai ajiye musu babban kogi a ƙofar gida ba, sukan ɗauki ƙugiya su nufi dam ɗin Warwade, masu himma kuwa su zarce har gaɓar kogin Haɗejiya wajen Ringim. Masunta na gado, masu homa da taru da mamari, waɗanda ke ƙarƙashin Sarkin Ruwa, babu su a wannan bayani, domin su sana'a suke yi. Maganarmu a kan 'yan sha'awa ce, masu fatsa, waɗanda bincike ya nuna sun kasu kashi shida, kuma galibinsu ba kifi ne ya kai su bakin ruwa ba.

Na farko shi ne Mai Tawakkali, wanda yakan iso tun kafin hantsi, ya zaɓi inuwar da ta fi kauri, ya kafa sandarsa a taɓo, ya ja hula ya rufe ido, alhali ƙananan karfasa sun cinye tanar da ya sa tun jifan farko, ƙugiya tana lilo tsirara har la'asar. In ka ce masa, "Baba, a duba koto mana," sai ya amsa da cewa rabo ba ya wuce mai shi. Haƙiƙanin al'amari kuwa shi ne a gida akwai maganar kuɗin cefane da ta kayan sanyin yara, a nan kuwa babu mai tambayarsa sai kwaɗi.

Na biyu shi ne Mai Ruwaya, kuma babu ranar da zai dawo ba tare da labarin giwan ruwan da ya tsinke masa zare ba. A gaɓar kogi kifin nan kamu biyu ne, a tashar Ringim ya kai zira'i uku, kafin mota ta shigo Dutse ya kusa tsawon mutum, bayan sallar isha'i kuwa, a teburin mai shayi, har ya ja kwalekwale ya kusa kifar da shi. Isnadin wannan ruwaya daga shi ya fara, a kansa ya tuƙe, shaidu biyu adilai kuma ba a taɓa samunsu ba, domin kullum abin yakan faru ne daidai lokacin da kowa ya tafi alwala.

Na uku shi ne Muftin Gaɓa, wanda bai mallaki ƙugiya ba, ƙafarsa kuma ba ta taɓa jiƙewa ba, amma babu mas'alar ruwa da ba shi da fatawa a kanta. Yakan tsaya a bayanka, hannu a goye, ya bayyana maka cewa tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 kogin Haɗejiya ya bar bin umarnin damina kaɗai, cewa ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a can ƙasa, cewa gaiwa takan binne kanta a taɓo ta yi rani da rai. Duk kuma gaskiya ya faɗa, illa dai yana faɗa ne da muryar da ke korar duk kifin da ke kusa. Da ka kama tarwaɗa mai kyau sai ya ce, "Ka ga abin da na gaya maka," ya kuma tsaya jiran ladan shawara.

Na huɗu, wanda ya fi kowa cancantar dogon sharhi, shi ne Mai Mazhabar Nasara, ma'aikacin da ya taɓa zuwa kwas Ingila ya ga yadda ake kamun wani kifi mai suna turawut a ƙoramun sanyi masu gangarowa daga tsauni, inda ruwa yake garau har ana ƙirga tsakuwa. A can sukan naɗe gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya har ya yi siffar ƙwaro, su wulwula doguwar igiya a sama, su sauke ta a hankali bisa fuskar ruwa, kifi ya taso ya cafke. Fanni ne mai malamai da littattafai, cikinsu har da na Izaak Walton wanda ya fito a 1653. To, shi wannan bawan Allah ya ɗauko hukuncin ƙoramar Ingila ya yi ƙiyasinsa a kan ruwan Warwade, ya manta cewa tarwaɗa a ƙasan taɓo take kiwo, da gashin baki take lalube, hanjin kaza mai ɗoyi ya fi mata gashin dawisu, kuma ko a mazhabar da yake bi, yawancin kogunan Ingila sun rufe kamun wannan kifi kafin Nuwamba domin ya samu ya yi ƙwai. Za ka gan shi tsaye cikin ruwa da wandon roba har ƙirji, igiya tana shawagi, ta kama reshen giyayya, ta kama hular Mufti. Ranar da Allah ya nufe shi da karfasa guda, sai ya auna ta, ya ɗauki hoto da ita, ya mayar da ita ruwa a gaban almajirai masu riƙe da robar bara, waɗanda suka yi salati baki ɗaya.

Na biyar shi ne Mai Ciniki da Gaibu, wanda tun kafin ya bar gari ya karɓi kuɗin ragon ruwa biyu daga hannun maƙwabci, ya ci bashin mai shayi a kan na uku, ko da yake Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana sayar da kifin da ke cikin kogi saboda garari. Magariba takan same shi da kurungu ɗaya mai ƙaya, masu bin bashi biyu.

Na shida ƙanensa ne, Mai Sitirta Kai, wanda in ruwa ya hana shi, sai ya ratse kasuwar Shuwarin ya sayi abin da zai shiga gida da shi. Dabarar tana da kyau, sai dai ranar da ɗanye ya ƙare ya sayo banda, uwargida ta juya kifin ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Maigida, ashe yanzu a ƙyafe suke fitowa daga ruwan."

A can gefe kuwa, inda babu mai dubawa, akwai wani yaro mai karan dawa da zaren buhu da gwangwanin tana, wanda ba ya fatawa, ba ya ruwaya, kafin azahar ya cika ƙwarya ya tafi. Saboda haka, ya kai mai karatu, in kaka ta yi kana son labari, dukan shidan nan za su ƙosar da kai. In kuwa miya kake so, ka nemi yaron nan ka biya shi kuɗinsa ba tare da tayi ba.