Ire-iren masu fita zarda daga Sabha

A watan Maris, da sanyin Fezzan ya sassauta, mutanen Sabha kan fita yawon yini guda, wanda 'yan Libiya ke kira zarda. Da yake babu kurmi a yankin, akan nufi tafkin Gabraun da ke cikin rairayin Ubari, kimanin kilomita 150 yamma da gari, inda dabino ya kewaye ruwan gishiri. Mota ke kai mutane, sauran aiki na ƙafa ne, kuma a nan hali ke fitowa.

Na farko shi ne jagoran da ba wanda ya naɗa. Sau ɗaya ya taɓa zuwa, shi ma yana barci a kujerar baya. Maganarsa ba ta wuce "bayan wancan tudun ne" ba, alhali tuddan yashi duk kamarsu ɗaya. In aka ɓace, iska ce ta kwashe hanya.

Ɗan gayu kan zo da farar shadda da takalmi sau-ciki. Taku biyu sama, yashi ya mayar da shi ɗaya ƙasa, sai a gan shi riƙe da takalma yana rawar zafi. Kusa da shi akwai mai waya, wanda ba ya hawa tudu sai don neman sabis.

Malamin tarihi ya fi su haɗari. Ya san cewa mutanen da ake kira Dawada ne suka zauna a bakin tafkin, suna cin ƙananan halittun ruwansa masu kama da tsutsa, har gwamnati ta tashe su a shekarun 1980. Gaskiya ne, sai dai yakan ajiye darasin sai tsakiyar hawa, lokacin da ba mai numfashin cewa "ya isa."

Gwanin iyo gishiri ne ke ɗaga shi, amma yabon nasa ne. Ba ya tuna ruwan ɗauraya, don haka yakan koma gida fari fat yana susa.

Mai shayi kuwa ko taku goma ba ya yi. Gindin dabino zai samu, ya hura gawayi, ya yi ta juya shayi har kumfa ta tashi, ya zuba gyaɗa a zagaye na ƙarshe. Shi kaɗai ke komawa Sabha ba ciwon ƙafa, kuma a bakinsa ake jin labarin wahalar tafiyar. Maƙwabcinsa a tabarma shi ne wanda bai kawo ruwa ko burodi ba, amma da an sauke tukunyar taliya cokali zai fito daga aljihunsa.