Albarushin Bikin Auta

A da can, albarushi ba abin raɗa ba ne a ƙasar Gobir. Maharbi zai tsaya gaban ɗan koli ranar kasuwa, a auna masa ya zuba a ƙaho, ya ƙara da kwallin uwargida, ya yi gaba. Da shi ake korar birai daga gona, da shi ake shelar ganin wata, da shi ake raka sarki Idi. Amma zuwa ƙarshen daminar 2021, ko sunansa ka ambata a Sabon Birni sai na kusa da kai ya tuna yana da uzuri a gida.

A wannan lokacin ne Kawuna ya tashi aurar da autarsa. Tsohon maharbi ne, yana da wata harba-ka-ruga da ya gada, wadda waya da fatar akuya suka riƙe ta fiye da yadda ƙarfe ya riƙe. Tun ranar sunan yarinyar ya yi alkawarin buga bindiga uku ranar ɗaurin aurenta. Da ya girgiza ƙahonsa ya ji wayam, sai ya aika a kira ni.

"Kai ad da babur, kai ad da boko," in ji shi. "Tahi ka biɗo min albarushi."

Na ce, "Kawu, kun dai san halin da ake ciki."

Ya ce shi ɗiya ɗaya ta rage masa, halin da ake ciki ya jira.

Halin kuwa shi ne: a watan Satumba gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana goyon uku a babur, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninmu. Daga baya aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar, mu da Isa muna ciki. Mai son kira sai ya nemi layin Nijar, ya nufi wajen iyaka, ya hau tudu yana ɗaga waya sama. Kawu ya ce in je in kira wani abokin farautarsa a Isa. Na yi masa bayanin cewa ko ni na samu sabis, shi abokin ba shi da shi. Ya dube ni ya ce wannan shi ne lalacin 'yan boko.

Na fara da ɗan kolin da ya shekara talatin yana sayar wa Kawu. Na duƙa na faɗa masa a kunne. Nan take mutumin ya kurmance. Ya ɗauko madubi ya manna min a fuska yana ɗaga murya, "Na amarya ne? Ga mai kyau nan!" Haka na bar wurin da madubin da ban yi niyya ba. Maƙerin da ya sha gyara wa Kawu kunamar bindiga kuwa rantsuwa ya yi cewa tun da aka haife shi, ban da fartanya da lauje bai taɓa ƙera komai ba. Kafin la'asar labari ya riga ni gida: wai an ga ɗan gidan wane yana yi wa mutanen daji sayayya. Na tarar da Inna tana kuka tana cewa ita ba ta haifi infoma ba.

Abin da ke ba ni haushi har yau shi ne, su waɗanda aka yi dokar dominsu, irin su Bello Turji da yaransa, ba a taɓa jin sun yi kukan ƙarancin harsashi ba. Tsoho mai korar biri shi ne ƙahonsa ya bushe.

Na lallaɓa da ɗan man da ke tankina na nufi Isa, ina karanta duk addu'ar da na haddace. Abokin Kawu ya yi ƙaura zuwa Sakkwato. Ina zaune teburin mai shayi ina tunanin ƙaryar da zan kai gida, sai wani mai rawani da tasbaha ya matso.

"Samari, mi kaka biɗa? Na ga alamar damuwa gare ka."

Kamalarsa ta sa na buɗe masa ciki. Ya gyaɗa kai, ya ce in biyo shi nesa-nesa. Muka ratsa lungu, muka ɓulla wani, ya tsayar da ni bayan wani kango. Can ya dawo da ƙunshi cikin leda, an naɗe da tsumma. Ya ce ɗan Madawa ne, tsallako da shi aka yi cikin dare, kuma kada in kuskura in buɗe, iska na kashe masa ƙarfi. Kuɗin da ya karɓa sun isa sayen ɗan akuya. Har addu'ar sauka lafiya ya yi min.

Ban yi nisa ba na faɗa shingen 'yan banga. Aka laluba ni, aka zaro ƙunshin daga cikin wando. Ban san sanda na zauna a ƙasa ba. Ina ta bayanin Kawu da auta da alkawari, wani matashi yana ta neman igiya. Sai wani dattijo a cikinsu, da ganin layun damtsensa ka san maharbi ne, ya kwance ledar. Ya shinshina. Ya murza a yatsa, ya ɗanɗana. Sannan ya ɗebi kaɗan ya watsa a wutar da suke gasa masara. Kowa ya ja da baya. Wuta ta ci gaba da gasa masararta.

"Ɗana," in ji shi, "wanga gawayin ƙirya na. Amma an daka shi da kyau, har tankaɗewa an yi."

Suka yi dariya har mai igiya ya zauna. Aka mayar min da kayana, aka haɗa min da masara ɗaya. Da mai rawanin nan mutumin kirki ne, da a ofishin 'yan sanda zan kwana.

Kawu bai yarda ba. Ya ce 'yan banga hassada suke yi, shi ya san albarushin Faransa in ya gani. Mai unguwa ya zo har zaure yana roƙonsa ya haƙura, don yanzu ko tayar babur ta fashe sai gari ya watse. Kawu ya ce alkawari kaya ne.

Ranar ɗaurin aure, ana shafa fatiha ya fito da babbar rigarsa fara, ya ɗura, ya danna, ya saita sama. Dangin ango tuni suka riƙe takalma a hannu. Ya ja kunama, ta ce ƙas. Ya sake, ƙas. Ya juyo da bakinta yana girgizawa don ya ga abin da ya toshe, baƙin gari ya zubo masa tun daga gemu har aljihu. Limamin unguwa, wanda Bafulatani ne kuma bai iya barin tsokana, ya tuna wa jama'a labarin da ake bayarwa na Sarkin Gobir Yunfa, da ya ɗana wa Shehu Usmanu bindiga a Alƙalawa ta juyo ta ƙone shi. Ya ce Kawu ya gode wa Allah, tasa wanki kawai za ta ci.

Sauran baƙin garin kuwa, malamin makarantar allo ya karɓa, ya haɗa da ƙaro ya yi tawada, ya ce bai taɓa samun mai kama allo kamarta ba. Saboda haka in kai ne mai rawanin nan na Isa, ko ka san shi, a isar masa: Kawu na nemansa da gora, malam kuma yana tambaya ko akwai saura.