Alƙalin Gasar Iyo a Kan Tudu

Cikin masu yanke hukunci a duniya, babu wanda nake tausaya wa kamar bawan Allahn da aka zaunar a teburin alƙalan gasar sarauniyar kyau, aka miƙa masa biro da takarda, aka ce ya ba da maki a zagayen kayan ninƙaya. Jama'a na ganin kakarsa ta yanke saƙa, ni kuwa na ce an jefa shi tsaka mai wuya. In ya ƙura ido, kyamara ta hasko shi, ga uwargida can gida gaban talabijin. In ya sunkuyar da kai, ya ci amanar waɗanda suka biya masa kuɗin jirgi da otal. Sai ka gan shi ya ɗaure fuska tamau, yana gyara tabarau, yana cizon murfin biro, wai yana nazarin abin da ya raba 8.9 da 9.1.

Hujjata ita ce aikin ba shi da ma'auni, domin abin da sunan zagayen ya yi alkawari ba ya wurin. An ce kayan ninƙaya, amma ko kofin ruwa babu a dandamalin. Ƴan takara na fitowa ne da takalmi mai tsini, da gashin da aka yini ana gyarawa, da hodar da yayyafi kaɗan zai wanke. Tamkar a kira ka alƙalancin kokawa ne, sannan a hana ƴan kokawar taɓa juna.

Tarihi ma yana bayana. A 1921 ƴan kasuwar Atlantic City a Amurka suka ƙirƙiro gasar da ta zama Miss America don masu yawon shaƙatawa su ƙara kwanaki bayan hutun bazara. Da Yolande Betbeze, mai kambun 1951, ta ce atafau ba za ta yi tallan kayan ninƙaya ba, kamfanin da ke ɗinka samfurin Catalina ya yi fushi, ya janye kuɗinsa, ya kafa Miss Universe a 1952. Ita ma Miss World, Eric Morley ya fara ta a Landan a 1951 a matsayin gasar bikini, kuma da shi a jiki aka naɗa Kiki Håkansson ta Suwidin. Ashe ɗan talla aka ɗauko, aka laƙaba masa sunan alƙali.

Wani zai ce ai ƙoshin lafiya da motsa jiki ake dubawa. To madalla, amma lafiya da awo ake saninta, ga likita ga agogo, kuma ban taɓa jin an gane ƙarfin huhu daga taku ashirin da juyi ɗaya ba. Wani kuma zai ce ƙarfin hali ake gwadawa, tunda ba kowa ke iya fitowa haka gaban miliyoyin mutane ba. Wannan akwai ƙanshin gaskiya, sai dai a 2013 an yi Miss World a Bali ta Indonesiya da zani ɗaure a ƙugu, aka kuma samu sarauniya lafiya lau. A 2023 Erica Robin ta Pakistan ta fito zagayen nan na Miss Universe a rufe ruf, ta kuma shiga cikin ashirin na farko. Ke nan ƙarancin yadi ba ya ƙara maki, yawansa ba ya ragewa, to me alƙalin yake lissafawa?

Masu gasar da kansu sun fara ganewa. Miss World ta sanar da soke zagayen a 2014, Miss America ta bi sahu a 2018. Waɗanda suka nace kuwa, shawarata gare su mai sauƙi ce: a haƙa wurin iyo na mita 50, a hura usur, wadda ta fara taɓa bango ta kwashe makin. Sai dai a tanadi mai ceto a kusa, don ba a taɓa tambayar ƴan takarar ko sun iya ruwa ba.