Hali Zanen Dutse, Ko A Gaban Kwamfuta

Shekara 6 na yi ina koyar da kwamfuta a wani ɗan shago a Kano, mai tebur takwas da fanka ɗaya da janareto mai tarin fuka. A nan na gane cewa in ka ba mutum linzami da kibod na mako guda, za ka san yadda ɗakinsa yake ko ba ka taɓa taka ƙofar gidansu ba.

Wanda na fi ƙauna shi ne dattijon da aka ce wa a ofis ba ƙarin girma sai da takardar shaidar kwamfuta. Yana zuwa da babbar riga da tabarau, ya kama linzami da yatsa biyu kamar an miƙa masa kunama. "Malam, in na taɓa nan ba za ta ƙone ba?" Na ce, "Alhaji, danna sau biyu." Sai ya danna ɗaya, ya numfasa, ya dube ni, sannan ya ƙara ɗaya. Ita kuwa kwamfuta, in aka yi mata jinkiri haka a kan sunan fayil, ɗauka take so ake a canza sunan. Idan linzami ya kai bakin tebur kibiya ba ta isa inda yake so ba, ba zai ɗaga shi ya dawo da shi baya ba, kujera zai ja ya bi shi. Amma fa komai rubutawa yake a littafi, kuma ranar jarrabawa shi ke ba yaran kunya.

Yaran kuwa sun cika mana shago ne tun 2015, da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Ɗan waya ke nan. Ya iya Facebook, ya iya WhatsApp, don haka a ganinsa gaisuwa kawai ya zo yi. Da zamansa sai ya kai babban yatsa kan gilashi yana shafawa sama, ya bar mini tambarin man awara. Na nuna wa wani alamar adanawa a Word na ce mene ne wannan, ya ce firji. Hoton tsohon faifai ne mai cin megabait 1.44, wanda hoto ɗaya na wayarsa ya fi ƙarfinsa. Ban ga laifinsa ba, bai taɓa ganin irinsa ba.

Sai ɗan gwanjo. Shi komai a fuskar kwamfuta yake zubewa: takardar neman aiki, hoton biki, wa'azi, rasit, fim ɗin Indiya, duk a baje kamar an kwance dila a Ƙofar Wambai. Ka ce masa folda akwati ce, a sa na aiki daban na gida daban, sai ya ce ai ya san inda komai yake. Ran da za a buga masa takarda, minti ashirin yana yawo da kibiya yana salati.

Ƙaninsa shi ne mai raɗin suna, kuma a kansa nake so in ɗan tsaya. Bahaushe ne fa, wanda in aka yi masa haihuwa sai ya kwana bakwai yana shawara, ya yanka rago, ya tara unguwa kafin a faɗi suna. Amma aikin da ya ci masa wata uku, sunansa "hhhh". Da ya gyara sai ya zama "sabo". Daga nan "na ƙarshe", "na ƙarshen ƙarshe", "wannan ne wallahi", sai kuma "wannan ne wallahi 2". A ƙarshe wanda ya kai wa malamin jami'a shi ne na farkon, mai kurakuran. Na gaji da cewa a fara da shekara, sai wata, sai rana, sannan abin da ke ciki, fayiloli su jera kansu da kansu. Kowa ya ce to. Hali dai.

Akwai mai tawakkali, wanda zai buga shafi goma sha biyu da yatsa ɗaya bai taɓa haɗa Ctrl da S ba. Ana ɗauke wuta sai ka ji "Innalillahi" daga tebur na huɗu, sannan ya juyo ya harare ni, kamar ni na ja layin.

Wata Hajiya kuma kwandon shara ta mayar ma'ajiya. Ta lura duk abin da ta goge can yake tafiya ya zauna lafiya, sai ta riƙa kai muhimman takardunta can, don ba mai leƙawa. Wata Asabar yaron shago ya yi shara. Ba zan maimaita abin da ta ce masa ba.

Ga kuma sarkin filash, mai rataya shi a wuya kamar laya. Ya bi shagunan buga takardu na gari ya kwaso ƙwayar cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu. Ko ba cuta ma, shi da kansa alamar mai 'yar kibiya a gindi yake kwafa, ya hau mota har Zariya, ya buɗe ya tarar ya ɗauko adireshin gida ya baro gidan a Kano. In ya yi gogewa a filash kuma ya zo neman abin a kwandon shara, sai in yi masa ta'aziyya, don na filash ba ya biyawa ta can.

Ni ma ba a bar ni a baya ba. Kibod ɗinmu ba shi da ƙugiya, na buga wa wani katin walima cewa za a karrama manyan baki, alhali baƙi yake nufi. Kwafi 200.

Kai kuma da kake ta dariya, buɗe foldar da abubuwan da ka sauke daga intanet ke taruwa, ka ƙirga sau nawa ka sauke takarda ɗaya.