Kafin Cikin Yaro Ya Ɗuri Ruwa: Jagoran Iyayen 'Yan Gasar Sifelin

A Aliero, yarinya 'yar shekara tara tana iya tsayawa bakin tulin albasa ta ja ciniki da dillalin da ya girmi ubanta, ta kafe sai ya ƙara. A kasuwar Jega, tsaranta namiji yana rangaɗa tallar ruwan sanyi da muryar da ke ratsa rumfa goma. To amma a tsayar da ɗayansu gaban makirufo ranar gasar sifelin, alƙali ya gyara tabarau ya ce a jero haruffan onion, albasar da yaron ya buɗe ido ya gani a ƙofar gida, nan take ido zai raina fata. Baki ya bushe, gwiwoyi su kama gaisawa da juna, O ɗin farko ta yi ɓatan dabo.

Aliero ta yi suna da masu ɗori, ana kawo musu karaya daga nesa, sai dai karayar zuciya ba ta cikin abin da suke ɗorawa. Wannan aiki na iyaye ne, ga kuma matakansa.

Mataki na ɗaya: a gano mai jin tsoron

Kafin a yi wa yaro magani, a duba gidan. Idan tun saura mako biyu maigida ya rage cin tuwo, yana zagaya tsakar gida da takardar kalmomi a aljihun gaba, yana tare yaron a hanyar makewayi da "Sifel mini elephant!", to an gano majinyacin. Inna ta riga ta sanar da matan unguwa a gidan suna. Gwaggo ta ce za ta taso takanas daga Maiyama. Kawu ya yi alƙawarin keke. Kaka kuma tana ta nanatawa, "Wanga yaro shi za ya hidda mu kunya." Malam kalmomi ɗari biyu ya ba yaron, gida ya ɗora masa mutuncin zuri'a a kai.

Don haka a kafa dokar hana jimloli uku har a gama: "Kada ka ba mu kunya," da "Ɗan wane ne ya ci bara," da "Ka san nawa muka kashe?" A madadinsu Baba ya ce, "Tahi ka yi abin da ka iya, tuwonka na nan yana jiranka." Ya kuma faɗe ta ba tare da muryarsa ta yi rawa ba.

Mataki na biyu: a wanke aljanu daga zargi

Ɓarin jikin nan ba shafar iska ba ce, ba kuma sammu ne daga makarantar da za a kara da ita ba. Wasu 'yan tsokoki biyu da ke zaune saman ƙoda ne ke sakin sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu don ta tura jini ga cinyoyi da damatsa, yawu ya ƙafe, tafin hannu ya jiƙe, fitsari ya matso. Jiki ya ɗauka kura ce ta fito, alhali hedimasta ne da manyan baƙi.

Yana da amfani yaro ya ji cewa gwanaye ma haka suke. A Amurka ana yin gasar sifelin ta ƙasa tun 1925, shekarar da Frank Neuhauser, ɗan shekara 11, ya ci da kalmar gladiolus. A gasar 2004 aka ba Akshay Buddiga, ɗan shekara 13, kalmar alopecoid. Sai ya yanke jiki ya faɗi a kan dandamali, gaban kyamarorin talabijin. Ya miƙe, ya koma bakin makirufo, ya jero haruffan daidai, ya kuma ƙare a matsayi na biyu. Ba ana cewa a koya wa yaro suma ba ne. A koya masa dai ya shaƙi iska ta hanci a hankali, ya fitar ta baki kamar mai hura kunu mai zafi, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, domin hakan na rage gudun zuciya. Kada kuma ya ƙame gwiwoyi kamar ɗan sanda a fareti. Doguwar ƙamewa da yunwa su ne ke kayar da mutum.

Mataki na uku: a kife turmi

Kifaffen turmi shi ne dandamali, muciya ita ce makirufo. 'Yan kallon kwana ukun farko awaki ne da kaji, saboda ba sa dariya kuma ba sa kai labari maƙwabta. Daga nan a ƙaro ƙanne, waɗanda ke dariyar komai, har da amsar da ta yi daidai. Idan yaro ya tsallake su, a kai shi majalisar ƙofar gida bayan la'asar, inda dattawa za su gyaɗa kai ko da ya ƙara wa kalma harafi huɗu.

A sa tarnaƙi da gangan. Wani ya yi tari a tsakiyar kalma, waya ta yi ƙara, wani ya kwaikwayi kukan lasifika idan ta shaƙe. Minti goma kullum ya fi awa uku a daren jajibiri.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kabi. A makarantar allo yaro yana fara babbaƙu da farfaru ne da ɗaga murya, yana kiran alu, ambaki, wau, zal, gaban tsaransa da malam. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, ke shiryawa tun 1986, tana ɗauko yara daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa, kuma a Disambar 2024 Birnin Kebbi ce ta karɓi baƙuncinta. Yaran da ke zama gaban alƙalai a cikakken zaure su ma da zuciya a ƙirjinsu. Abin da ke riƙe su shi ne tilawar kullum a bayyane, har harshe ya san hanya ko da kai ya ɗauki zafi.

Mataki na huɗu: a tona asirin haruffa maciya amana

Hausar boko mai gaskiya ce, kusan yadda aka faɗi haka ake rubutawa. Turanci kuwa cike yake da 'yan rakiya. K ɗin knife ta zo zama ne kawai, P ɗin pneumonia ko gaisuwa ba ta yi. Ga kuma tsohuwar rigimar P da F, waɗanda bakin Bahaushe bai raba ba, balle a yankin da fari ke zama hwari. Kalmar phone tana farawa da P, ana furta ta da F, wato tarko biyu a rami ɗaya. Yaro ya saba cewa "pi" da leɓe a rufe, "ef" da haƙori kan leɓe, yadda alƙali ba zai yi shakka ba.

A nuna masa rubuta kalmar da yatsa a tafin hannu kafin ya buɗe baki, kamar yadda 'yan gasar Amurka ke yi. A can doka ta ba su damar tambayar ma'ana, da harshen da kalmar ta fito, da a sa ta cikin jimla. A tambayi malamin aji abin da dokar gasar gida ta yarda da shi. Ko roƙon a maimaita kalma kawai ya isa yaro ya saci numfashi biyu.

Mataki na biyar: ciki da barci

A daren gasa kowa likita ne. Kaka ta zo da zuma da zabibi, Gwaggo da dabino, maƙwabciya da wani jiƙo mai buɗe ƙwaƙwalwa. Addu'a dai a yi ta, a shafa. Amma yaron da aka ɗura wa kofi uku na ruwa da kwanon kunu, babu kalmar da zai tuna a layi sai makewayi. Likitoci sun ce ɗan firamare yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, saboda haka a karɓe takardar bayan isha'i. Da safe koko da ƙosan da ya saba. Sabon takalmi ya jira Sallah, don mai cizon ƙafa ba ya barin a yi tunanin harafi.

Mataki na shida: a aro fuskar Farfesa

Garin Jega ya riga ya ba Najeriya misali. Ranar 31 ga Maris 2015, ana tattara sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a Abuja, wani tsohon minista ya karɓe makirufo ya yi ta faɗa, duk ƙasa na kallo. Farfesa Attahiru Jega, shugaban hukumar zaɓe na lokacin, ya zauna shiru har guguwar ta lafa, ya ba da amsa cikin sanyin murya, aka ci gaba da aiki. Wannan fuskar ake so iyaye su shiga zauren da ita. Ban da hawa benci da waya, ban da dafe ƙirji, ban da motsa leɓe ana sato wa yaro harafi, musamman ga uban da shi ma bai tabbatar ko C biyu ce ko S biyu a necessary ba.

Mataki na bakwai: hanyar gida

A Legas, tun 2001, wanda ya ci gasar sifelin ta makarantun jihar yana zama gwamna na kwana ɗaya, kashegari ya mayar da kujera. Saura kuwa duk da kuskure ɗaya suke sauka. Idan na gida yana cikinsu, ba a kafa kotu a kan babur. Baba ya tsaya tashar Jega ya sayi tsire, ya bar yaron ya zaɓi mai kitse. Yawanci kafin a naɗe takardar tsiren, murya ta dawo. Yaron zai ɗaga kai ya ƙura wa allon mai faci ido, ya ja hannun riga ya ce, "Baba, dubi, sun rubuta vulcanizer da F." Sai kuma ya jero haruffan goma ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, bakinsa cike da nama, mai facin yana harararsa.