Ranar da Na Saki Tafkin Yaya a Kwata

Da Yaya zai tafi Umara da iyalinsa a tsakiyar hunturun bara, ni ya kira daga Kano in tsare masa gidansa na Gwarimpa mako uku. Ya nuna mini janareta, ya damƙa mini makullan sito, sannan ya tsaya bakin tafkin ninkayar da ke bayan gida ya ce, "Wannan kada ka taɓa. Akwai yaron da ke zuwa duk Asabar." Matarsa kuwa, da yake akwai wasa tsakaninmu, cewa ta yi in ƙishirwa ta kama ni in sha, amma kada in shiga, wai mutumin Fagge bai san ruwan da ya wuce bokiti ba.

Yaron Asabar bai zo ba. Ƙura ta yi ta sauka, darbejiya ta yi ta zubar da ganye, ruwan da na tarar garau ya fara komawa miyar kuka. Ran kwana na goma har wani kwaɗo ya tare a ciki, Allah kaɗai ya san inda ya fito da sanyin nan.

Na ɗauki fitila na sauka ɗakin injin, wani ɗan kurkuku ne mai matakala shida zuwa ƙasa. Ga famfon lantarki, ga tankin yashi mai kama da randa da hannu a kansa, ga agogon da ke auna ƙarfin ruwa, ga kuma bututun roba biyar farare, kowanne inci ɗaya da rabi, babu mai ko alamar rubutu. Ban ji ɗar ba. Ai na taɓa canza kan famfo a gidanmu, har Hajiya ta sa mini albarka.

A ganina koren ruwan nan fita zai yi. To amma tafkin tsawonsa mita 8, faɗinsa 4, zurfinsa ɗaya da rabi, wato lita 48,000. Na buga lissafi da jarka mai lita 25, ta ba ni jarka 1,920, kurar 'yan ga-ruwa 160 ke nan in kowace ta ɗauki sha biyu. Wanda ya tashi yana jiran ɗan ga-ruwa tun asuba ba zai iya kallon wannan dukiya ta bi kwata ba. Sai na ce bari in yanka bututun zubarwa, in ƙara masa reshe ya nufi lambun matar Yaya, zogale da yakuwa su amfana, in ta dawo ta san wane ne mutumin Fagge.

Saura gano bututun. Na ƙwanƙwasa su da sifana ɗaya bayan ɗaya ina kasa kunne kamar mai zaɓen kankana, duk amonsu ɗaya. Sai na koma ga hankali: datti ƙasa yake bi, don haka wanda ya fi nutsewa cikin daɓe shi ne na kwata. Na rubuta masa "kwata" da maka, na tafi kasuwar Dei-Dei na sayo zarto da gam da bawul da mahaɗa mai baki uku.

Baba maigadi ya leƙo ya ce, "Alhaji ƙarami, da dai an jira yaron nan."

Na ce, "Haba Baba, ruwa ne fa."

Don ku san ba da ka nake aiki ba, sai da na kashe injin, na kuma rufe bawul ɗin bututun. Sannan na ɗora zarto a bayan bawul ɗin, ta ɓangaren da ya fito daga ƙasa. Ja na bakwai ruwa ya mare ni a fuska, hulata ta yi nata wuri. Ashe bututun magudanar gindin tafki na yanka, ɗakin kuma yana ƙasa da saman ruwa, nauyin tafkin gaba ɗaya a kan ɓarakar ya huce. Baba, Allah ya saka masa, salati ya yi ya ruga ya kashe wutar gidan duka, da yanzu wani ne ke ba ku labarin. Na danna babban yatsa. Na cusa singileti. Na naɗa robar tayar keke, wadda a unguwarmu ba ta taɓa ba mu kunya ba. Na zazzage gam rabin gwangwani, ruwa ya tafi da shi, don gam ba ya kama jiƙaƙƙen bututu. Ruwa ya kawo mini gwiwa, ya samu magudanar ɗakin ya fice titi. Ina cikin kokawa na jiyo direban maƙwabci yana kiran abokinsa ya fito da mota a wanke.

Sai bayan awa biyu mai gyaran da Baba ya kira ya iso. Ya dubi rubutuna, ya dube ni, bai ce uffan ba. Ya tuɓe riga, ya ciro tabarmar roba daga motar matar Yaya, ya nutsa cikin tafkin ya rufe magudanar gindinsa da ita, nauyin ruwa ya danne, ɓarakar ta koma ɗigo. Sannan ya zaunar da ni.

"Yallaɓai, injin nan baki gare shi da kai. Duk bututun da ya shigo ta gabansa daga tafki yake tsotso: ɗaya na ramin bango mai kwashe dattin sama, ɗaya na gindi, ɗaya na tiyon shara. Abin da ya fita ta kansa tankin yashi ya nufa. Daga tanki biyu ke fita, mai mayar da ruwa tafki da mai zubarwa. Ga na kwatar nan, mai ɗan gilashi a wuya, yana kallonka tun ɗazu."

Ya buɗe murfin injin ya zaro kwando cike da ganyen darbejiya. Wai matsalar ke nan, sai yashin da ya toshe har allurar agogo ta hau. Da na kashe injin na juya hannun tanki zuwa wankin baya minti uku, ɗauraya rabin minti, na mayar kan tacewa na zuba kulorin, da cikin 'yan kwanaki ruwan ya washe. Ya ja mini kunne kada in kuskura in juya hannun nan injin yana aiki, robar ciki za ta yage. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ko da injin a kashe ba zan sake ba.

Ya yi ɗori, ya ce a bar gam ya kwana, aka kai injin aka busar. Tanka uku na saya na cike abin da ya zube, da kuɗin da nake tarawa na sabuwar waya. Zogale kuwa ko ɗigo bai samu ba. Kafin mai gyaran ya tafi na sa shi ya rubuta wa kowane bututu sunansa da fenti.

Da Yaya ya dawo ya ga ruwa shuɗi, ya ga rubutu reras a ɗakin injin, sai ya shiga gaya wa dangi ashe ƙaninsa ya san aikin tafki. Yanzu haka wani abokinsa na Maitama yana nemana in duba masa nasa. Bakin Baba na rufe shi da yadi biyar na shadda. Matar Yaya ce dai har yau take cigiyar tabarmar motarta tana yi mini wani irin kallo. In kun san gidan, don girman Allah ku yi shiru.